Fiyus Ɗin da Aka Ɗaure: Nazarin Gobarar da Ta Tashi a Silin Wani Gida a Bauchi

Wannan bayani a kan gida ɗaya ne, a wata unguwa da ke bayan kasuwar Muda Lawal a cikin garin Bauchi. An kira ni gidan da hantsin wata Talata cikin azumin 2025, bayan wuta ta tashi a silin falo gab da asuba. Sana'ata wayarin, kuma na haura shekara 20 ina cikinta. Na nemi izinin maigidan kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma kada in kama suna, saboda haka Alhaji kawai zan riƙa ce masa.

Ba a rasa rai ba, ba wanda ya ƙone. Asarar ba ta wuce rabin silin falo, rafta uku, labule da kujera guda ba. In don girman ɓarna ne, abin bai kai a rubuta ba. Abin da ya zaunar da ni shi ne, gidan nan an gina shi da kariyarsa cikakkiya, amma kafin daren gobarar babu ko ɗaya da ta rage. Ba ɓarawo ne ya kwashe ba. Mutanen gida da masu gyara ne suka cire su ɗaya bayan ɗaya, kowa kuma a lokacin da yake cirewa yana ganin taimako ya yi.

Yadda gidan ya girma ya bar wayarsa

Alhaji ya yi ginin a farkon shekarun 1990, tun Gombe tana cikin jihar Bauchi. Ɗaki huɗu ne da falo da zaure. Wanda ya yi wayarin na farko, ko ma wane ne, ya san hannunsa: wayoyi cikin bututu, layin fitilu daban, layin soket daban, akwatin fiyus irin na tangaran mai gida shida, ga sandar atin, wato ƙarfen da ake kafawa don wutar da ta yi yoyo ta shige ƙasa, an kafa ta a bayan ɗakin girki. Kayan wutar gidan a wancan lokaci ƙwayaye ne, fanka uku, talabijin, rediyo da dutsen guga. Wayar ta ishe su har da rara.

Shekara talatin ba kwana talatin ba ce. Alhaji ya ƙara aure, aka yi wa amarya sashe a gefen zaure. Yara maza suka tasa, aka yi musu ɗaki a baya. Aka haƙa bohol aka zura samo mai ƙarfin doki ɗaya. Zaure ya koma shago, inda Hajiya uwargida ta ajiye firiza biyu tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Janareta ya daɗe a gidan, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a tayar da shi sai ta kama dole. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, babban ɗan Alhaji ya sa aka ɗora sola da ƙaramar inbata don fitilu da fanka.

Kowane ƙari da mai aikinsa. Da na hau silin na ƙirga hannun mutum biyar aƙalla, don kowane mai wayarin da irin murɗinsa da irin salatif ɗinsa. A cikinsu babu wanda ya koma akwatin fiyus ya jawo sabon layi. Kowa inda ya ga waya mafi kusa, nan yake feɗe ta ya jona tasa, ya naɗe, ya sauko ya karɓi kuɗinsa.

Daren da abin ya faru

Kwana biyu unguwar ba ta ga wuta ba. Aka kawo wajen ƙarfe uku da rabi na dare, daidai lokacin da mata suka tashi haɗa sahur. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da ke biyo bayan "an kawo wuta": ba a san lokacin ɗaukewa ba, don haka aikin wuni guda a awa ɗaya ake son gamawa. Firiza biyu suka tashi da kansu, da ma ba a kashe su. Amarya ta jona rishon lantarki ta ɗora miya, ta jefa hita a bokiti. Ɗaya daga cikin samarin ya shigo sashenta da dutsen guga, don soket ɗin ɗakinsu ya daɗe da narkewa.

Ba a kai ga kiran assalatu ba Hajiya ta fara jin ƙauri irin na roba. Ta ɗauka leda ce ta faɗa murhu. Autar gidan ce ta nuna silin falo: wani baƙin tabo yana faɗaɗa, hayaƙi na fitowa ta gefen ƙwai.

Babban ɗan ya ruga ya zare katawut, kuma daidai ya yi. Ƙanensa ya sunkuci bokitin ruwa zai watsa. Hajiya ce ta cafke masa hannu.

"Kai, tsaya! Ba ka ga ƙwai na ci ba?"

Ƙwan falo kuwa yana ci. An zare katawut, amma inbata ba ruwanta da katawut. Da ta ga wutar layi ta yanke sai ta karɓi aiki, yadda aka ƙera ta ta yi. Wayoyin fitilu da ke kwance cikin wutar, robarsu ta narke, suna ɗauke da bolt 230. Yaron kuma ƙafarsa ba takalmi, a kan siminti. Sai da aka lalubo makashin inbata a bayan batura, sannan aka ɓalle silin da taɓarya. Wani maƙwabci direba ya kawo abin kashe gobara mai hoda da ke motarsa, aka haɗa da yashin ginin maƙwabta, wutar ta mutu kafin ta kama kwano.

In da wata ne ba na azumi ba, ƙarfe huɗun dare kowa na barci. Wannan Alhaji da kansa ya faɗa, ba ni ba.

"Wuta ce aka kawo da ƙarfi"

Da wannan maganar Alhaji ya tarbe ni, kuma ita ce maganar da nake ji a kusan kowane gidan da aka yi gobara. Tana faruwa, ba ƙarya ba ce. In nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya saki a layi, wani gida kan sami wutar da ta doshi bolt 400. Amma wannan tana barin shaida: ƙwayaye su fashe, caja su yi ƙara, talabijin ya mutu, maƙwabta su fito kowa na salati. Na zaga gidan, ko ƙwai ɗaya bai mutu ba sai na falo da wuta ta ci. Na leƙa gida uku da ke kan fes ɗaya da su, wato waɗanda waya ɗaya ta turke ke ba su wuta, lafiya lau. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawon nan a cikin gida yake."

Ya kamata a san wannan: hurumin kamfanin raba wuta na Jos, wanda ke kula da Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai tun da aka sayar da kamfanonin a 2013, a mita yake tsayawa. Daga mita zuwa cikin ɗaki, lafiyar waya a wuyan maigida take.

A silin na sami inda wutar ta soma. Wani haɗi ne, waya uku an murɗe su wuri guda. Ɗaya ta fito daga layin soket na falo, ta asali, jan ƙarfe mai kyau mai kaurin murabba'in milimita 2.5. Ta biyu ta tafi shago. Ta uku ta tafi sashen amarya. Wato shago da sashen amarya gaba ɗaya a wuyan soket ɗin falo suke rataye, ta hanyar murɗi ɗaya da aka naɗe da salatif. Wayar da ta tafi sashen amarya an rubuta 2.5 a jikinta, amma da na auna, da kaɗan ta ɗara 1.5. Na kankare ta da wuƙa, sai ga fari a ciki: alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan ba ta ɗaukar abin da jan ƙarfe zalla ke ɗauka, kuma in aka murɗe ta da jan ƙarfe, yau da gobe haɗin saki yake yi. Haɗin da ya saki kuwa murhu ne.

Kafin in sauko, gida ya riga ya rabu biyu. Ɓangare guda na cewa firizar Hajiya ce, ɗaya ɓangaren na cewa rishon amarya ne. Ni ba alƙalin kishiyoyi ba ne, lissafi kawai na yi musu a bayan kwalin sabulu. Risho wat 1,500. Hita wat 1,500. Dutsen guga wat 1,200. Firiza biyu a haɗe, in sun daidaita, ba su wuce wat 500 ba. Jimla wat 4,700. A raba da bolt 230, an sami amfiya 20 da ɗan ɗoriya (amfiya ita ce awon yawan wutar da ke bi ta waya), duk ta cikin murɗi ɗaya. Sama da amfiya 18 daga ciki ta waccan siririyar waya suke bi. Ko jan ƙarfe na gaske mai kaurin 1.5 bai kamata a ɗora masa fiye da amfiya 15 ko kusa da haka ba, balle a ƙarƙashin kwano a watan Maris, lokacin da zafin Bauchi kan doshi digiri 40 a inuwa.

Mutane kan ɗauka babban kaya shi ne mai cin wuta. Firiza ƙatuwa ce, amma ɗan hitan nan da ake sa wa a aljihu ya ci ninkinta sau da yawa. Duk abin da aikinsa zafi ne, shi ne maciyin wuta. Ga wani abu kuma da ba kowa ya sani ba: zafin waya ba daidai da nauyinta yake hawa ba. In wutar da ke bi ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa wayar da ta yi shekaru tana haƙuri da risho kaɗai, ranar da hita da dutsen guga suka haɗu a kanta sai ta ce ga garinku nan.

Fiyus

Duk wannan bai isa ya ƙona gida ba, in da fiyus na nan. Aikinsa ke nan. Fiyus wata siririyar waya ce da aka yi ta da gangan ta fi kowace waya a gidan rauni, don in nauyi ya yi yawa ita ta tsinke a cikin tangaran, inda ba abin da zai kama, maimakon wayar silin ta tsinke a kan katako. Fansar gida ce.

Na zare fiyus na layin falo. Abin da na gani a ciki zare uku ne na jan ƙarfe da aka ciro daga wata tsohuwar waya mai kauri, an tufke su kamar igiya. Na tambayi wanda ya yi. Babban ɗan ya ce shi ne, kuma ba da kunya ya faɗa ba. Ya ba ni tarihi tiryan-tiryan. Da farko wayar fiyus ta gaskiya suke saye, amma bayan an jona shago sai ta riƙa tsinkewa duk mako. Ya ninka ta biyu, ta koma tsinkewa duk wata. Bayan an jona sashen amarya ta dawo gidan jiya. Rannan da dare, baƙi a falo, ya gaji ya ɗaura wannan.

"Wallahi Injiniya, shekara biyu ke nan bai sake yankewa ba."

Ban yi masa faɗa ba. Ni ma ina yaron shago na ɗaure fiyus, har maigidana ya ja mini kunne a gaban masu gida. Na dai ce masa, duk tsinkewar da fiyus ɗin ya yi a baya magana yake yi, yana cewa wayar nan ta gaji. Shi kuma ya toshe masa baki. Ruwa ba ya tsami banza.

Wani zai ce ai wannan matsalar tsohon akwati ce, masu bireka, wato makashin da ke faɗuwa da kansa in nauyi ya yi yawa, sun huta. Ba su huta ba. A gidajen zamani abin da ake yi shi ne, bireka mai amfiya 20 ya dami mutane da faɗuwa, sai a kira yaro ya sa mai 32 ko 63. Ɗaurin fiyus ne sak, sai dai ya fi kyan gani. A wannan gidan ma akwai babban bireka mai amfiya 63 kusa da mita, kuma Alhaji ya tambaye ni me ya hana shi faɗuwa. Amfiya 20 a wurinsa ba komai ba ce. Waya za ta iya ci da wuta ƙurmus shi yana zaune yana ganin lafiya. Ba da yawan kayan da ake son jonawa ake zaɓen bireka ba, da kaurin wayar da ke bayansa ake zaɓa.

Famfon da ke jan mutane

Ina wanke hannu a famfon tsakar gida na lura an naɗe kansa da robar tayar keke. Na tambaya. Amarya ta ce tun damina yake "ɗan taɓa mutum" in samo na aiki, shi ya sa aka naɗe, aka kuma hana yara zuwa wurin ba silifa. Ta faɗa kamar mai ba da labarin sauro.

Wannan ya fi tayar mini da hankali a kan gobarar. Na bi wayar samo, na tarar da wani haɗi a bakin bohol, cikin danshi, yana goga da bututun ƙarfe. Wuta na yoyo cikin bututu, ta bi ta ƙarfen tanki har famfo. A gida mai atin, irin wannan yoyon yana da hanyar da zai bi ya shige ƙasa. Na je bayan ɗakin girki neman sandar atin. An dandaɓe wurin da siminti shekaru da suka wuce. Da muka fasa, koriyar wayar a yanke take, wataƙila bakin shebur ne, sandar kuma tsatsa ta cinye ta. A duk sababbin sassan gidan kuwa waya biyu kawai aka ja. Ramin atin na kowane soket fanko ne. Ke nan hanya ɗaya da ta rage wa wutar ta shiga ƙasa ita ce jikin wanda ya taɓa famfo.

Ba sai wuta ta yi yawa take kisa ba. Kusan miliamfiya 10 (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya) ta isa ta sa hannu ya ƙanƙame ya kasa saki. Daga miliamfiya 30 zuwa sama, in ta ratsa ƙirji ta ɗan jima, zuciya na iya rikicewa. Wannan bai kai abin da ƙaramin ƙwai mai wat 9 ke ja ba. Fiyus ko bireka na yau da kullum ba sa ma sanin ana yi. Akwai wani bireka daban da aka yi don wannan, wanda a shagunan kayan wuta ake kira RCD, wasu su ce ELCB. Shi awo yake tsakanin wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. In ya ga giɓin ya kai miliamfiya 30, ya san ta bi wata hanya, sai ya yanke kafin ƙiftawar ido. Gidan Alhaji bai taɓa samun irinsa ba.

Janareta kuma da wata waya mai filogi a kai biyu ake jona shi a soket, bisa sharaɗin a tuna a zare katawut tukuna. Ranar da aka manta, wutar janareta za ta fita layi, taransifoma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000, ta sami ma'aikacin da ke kan turke yana ganin layi a kashe yake. Ko kuma a kawo wuta ta haɗu da ta inji. Ban tsaya dogon bayani ba, na yanke wayar gida biyu a gabansu. Shi kansa injin a lungu yake ƙarƙashin tagar ɗakin samari, na sa aka fitar da shi fili, don hayaƙinsa na kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Zama da Alhaji

Bayan la'asar muka zauna a ƙofar gida. Shi abin da yake so a sauya wayar da ta ƙone, a mayar da silin kafin Sallah.

"Injiniya, ga azumi, ga ɗinkin yara. Ka yi mana abin da zai yiwu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan aikin rabin wuni ne, kuma akwai masu yi da yawa. Ni dai ba zan sa hannu ba, don an kashe maciji ne ba a sare kansa ba."

Sake wayarin gidan gaba ɗaya shi ne daidai, amma kuɗinsa ya kai na ɗan bijimi, kuma na san babu su a lokacin. Mai aikin da ya kafe a kan sai duka ko babu, ƙarshenta wani za a kira ya murɗa ya naɗe. Muka raba aikin biyu. Abin da zai iya kisa a wannan makon, a yi shi yanzu. Abin da zai iya jira in an rage masa nauyi, bayan Sallah.

A kashin farko muka cire akwatin tangaran muka sa na bireka. Fitilu a kan waya 1.5 da bireka mai amfiya 6. Soket a kan 2.5 da mai 20. Shago ya sami layinsa, samo ya sami nasa, rishon amarya ya sami nasa da waya mai kaurin 4. Duk haɗi ya koma cikin akwati mai murfi, da kusoshi aka ɗaure ba murɗi ba. Muka sa cenji-oba mai yanke layif da nutural tare, yadda wutar layi da ta inji ba za su taɓa gamuwa ba. Makashin inbata muka fito da shi kusa da mita, na rubuta a bango da babban baƙi, da Hausa: 1 layi, 2 inji, 3 sola. Na tara har yara na nuna musu, kowa ya gwada da hannunsa.

Atin ya ba mu wahala. Ƙasar Bauchi dutse ne a kusa, ga rani ya busar da ita. Sanda ta farko ko rabi ba ta shiga ba ta tsaya. Muka koma kusa da rariya inda danshi ba ya yankewa, muka kafa biyu da tazara muka haɗe su, muka ɗaure ƙarfen tanki da bututun bohol a kansu. Maginin gidan ya kawo shawarar a zuba gishiri rabin buhu, kamar yadda aka saba. Gishiri na sa atin ya nuna awo mai kyau a ranar, amma shi ne ke cinye sanda daga baya, damina kuma ta wanke shi. Gawayi na yarda aka sa. Kan sandar kuma mun bar masa ɗan rami mai murfi, kada a sake binne shi a manta.

Sayen waya da babban ɗan muka je. Na sa shi ya ɗaga naɗi biyu da aka rubuta wa kauri ɗaya, ya ji bambancin nauyi da hannunsa. Muka kankare baki muka ga ja har ciki, muka duba tambarin NIS na SON, hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki. Tambari ma ana buga na jabu, shi ya sa wuƙa da sikeli ba sa barin jakata. Na kuma gaya masa, duk wanda zai taɓa musu waya nan gaba, ba laifi ba ne a tambaye shi takardar shaidar NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba ayyukan lantarki da tantance masu yin su. Mai takarda ma na iya ha'inci, amma aƙalla akwai inda za a kai ƙararsa.

Makon da aka so a cire

A nan ni ma na yi kuskure. Don sauƙaƙa wa Alhaji, RCD ɗaya na sa wa gidan duka. Kwana biyu da gama aiki waya ta shigo ana shirin buɗa-baki.

"Injiniya, wannan abin da ka sa mana ya hana mu sakat. Sau huɗu yau gida na yin duhu. Ka zo ka cire, ko in sa yaro ya zagaye shi."

Maganar fiyus ce ta dawo da sabuwar riga, kuma ban ga laifinsa ba sosai. Mutum na azumi, ƙanƙara na narkewa. Na roƙe shi ya ba ni dare ɗaya. Da safe muka kashe komai, muka riƙa kunnawa ɗaya-ɗaya. Da aka jefa hitan amarya a ruwa, ɗas, ya faɗi. Jikin hitan ya tsage, wuta na shiga ruwan kai tsaye. Watanni ana wanka da ruwan da ya dafa, ana kuma tsoma yatsa a ji ko ya yi zafi. Amarya ta yi shiru, can ta ce, ashe shi ya sa bokitin ƙarfe ke cizonta.

Bayan an jefar da hita, faɗuwar ta ragu amma ba ta daina ba. Wannan karon sai da na yi wuni biyu. Ashe mai haɗa sola ya ari nutural daga layin soket ya ba fitilun inbata, don haka wuta na fita ta wata ƙofa tana dawowa ta wata, RCD kuma yana ƙirga ta a matsayin yoyo. Muka raba. Daga nan na koma wurin Alhaji na amsa cewa arahar da na yi masa ba ta yi ado ba: laifin hita ɗaya bai kamata ya jefa gida duka cikin duhu ba. Muka ƙara na biyu, shago da samo a kan ɗaya, ɗakuna a kan ɗaya. Kuɗin aikin wannan ban karɓa ba.

Inda aka kwana

Bayan ƙaramar Sallah aka sake wayar sashen amarya da shago da waya uku, har da atin. Famfo an kwance masa roba. Madannin gwaji da ke jikin RCD na damƙa wa autar gidan, tunda ita ta fara ganin hayaƙi. Duk ganin sabon wata takan danna ta ga ya faɗi, ta mayar. Hajiya ta ce ta fi kowa ƙwazo a kan abin, har tana hana yayyenta taɓawa.

Ɗakin samari har yau ba a yi ba. Kuɗin ya tafi kuɗin makaranta, sannan taki. Tsohuwar siririyar wayar nan ce mai biyu take ba su wuta. Tunda ban iya sauya ta ba, sai na ɗora ta a kan bireka mai amfiya 6: fanka, ƙwai da cajin waya suna tafiya, amma da an haɗa dutsen guga da wani abu mai nauyi zai faɗi. Da na koma cikin damina duba atin, ƙaramin cikinsu ya tare ni a ƙofa yana ƙorafi, wai bireka ɗinsu ne ya fi na kowa ragwanci, ko zan sa musu mai 32 tunda akwai a shago. Kafin in buɗe baki yayansa ya amsa daga cikin zaure, ya ce ya kwashi kayansa ya je falo ya yi gugar.